Kurajen da ke fitowa bayan aske gemu

Tambaya: Likita barka da aiki. Dan Allah duk sanda na aske gemu da reza, bayan kwana biyu sai kuraje su feso min a wuya da ƙasan haɓa, ga ƙaiƙayi, wasu har da mugunya, in sun warke kuma su bar baƙin tabo. Meye mafita?

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, sannu. Abin da ke damunka gashi ne ke komawa cikin fata, likitoci na ce masa pseudofolliculitis barbae, kuma ya fi kama masu murɗaɗɗen gashi. In reza ta yanke gashi bakinsa kan yi tsini, shi kuma da yake a lanƙwashe yake tsirowa sai ya juyo ya soki fatar, ko ma ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki. Jiki sai ya ɗauke shi tamkar ƙaya ce ta shige shi, daga nan kumburi da ƙaiƙayi.

Toh babban mai laifi dai shi ne askin ƙwal-ƙwal ɗin nan. Reza mai baki uku ko biyar tana jan gashin ne sama kafin ta yanke, sai guntun ya koma ƙarƙashin fata, haka ma in kana miƙe fatar da yatsa don ta yi sumul. Tuge gashi da hantsaki shi ma yana jawo haka, mata masu cire gashin haɓa su kula.

In da hali ka bar askin gaba ɗaya kamar sati 4, yawanci kurajen da kansu suke lafawa. In ka dawo ka koma kilifa, ka bar gashin ya kai kamar milimita 1, gaskiya ni wannan na fi ba mutane shawara akai don ya fi kowane man shafawa aiki. In kuma dole sai reza, a samu mai baki ɗaya, sabuwa, ka fara gasa wurin da tawul mai ɗumi na ƴan mintuna, ka sa kumfar aski, sannan ka bi yadda gashin ya kwanta, kar ka yi ta maimaita waje ɗaya.

Wanda kake hango gashin ya naɗe a saman kurjin, ka goge allura da sifirit ka ɗago bakinsa a hankali kawai ka bar shi, banda tugewa, banda tono da matsa, su ke barin tabon nan. Mai mai ɗauke da salicylic acid ko glycolic acid yana taimakawa, hydrocortisone 1% kuma na ƴan kwanaki ne kawai don ƙaiƙayi, in aka daɗe ana shafawa a fuska yana sa fata ta yi siriri.

Amma in mugunya ta yi yawa, wurin na zafi, ko tabon ya fara tudu yana tauri, je ka ga likitan fata, ƙila sai an haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ana masa laser, wato hasken na'ura mai ƙona tushen gashi, kuma ga mai duhun fata nau'in Nd:YAG ne ya fi dacewa.