Alhaji, ku fara zama tukuna kafin ka tura kafin alƙalami

Wani bawan Allah mai shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari ya turo min tambaya, ya ce: "Malam, ƙanina ya haɗa ni da wani matashi da zai buɗe min shafin Instagram, ya ɗauki hotunan kaya, ya kuma zana min tambarin shago. Ya ce aikin naira 150,000 ne, in fara ba shi rabi. Ban taɓa irin wannan harkar ba, me ya kamata mu yi magana a kai kafin a fara?"

Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Ka fara sa wa ranka cewa wannan matashin ba yaron shagonka ba ne, zaman kansa yake, ƙila yanzu haka akwai aikin mutum uku ko huɗu a hannunsa, to duk abin da ba ku faɗa da baki ba kar ka ɗauka ya sani. Mu a Kano kunya ce ke cutar mu, sai ka ji an ce "haba ka je ka yi kawai, ai ba za mu ɓata ba", kuma wallahi daga nan ake ɓatawa.

Ka kira shi shago, ya zauna ya ga kayan da idonsa. Ka nuna masa shafi biyu ko uku da suka burge ka, don in ka ce masa "ka yi min mai kyau" kyan da ke kanka daban, wanda ke kansa daban. Sai ku ƙirga: turmi nawa za a ɗauka, kowane turmi hoto nawa, akwai bidiyo ko babu. Ka ja masa kunne sosai kan kala, domin fitilar shago tana canza launin atamfa, ga kuma wannan gyaran hoto da matasa ke so, sai mace ta gani a waya daga Abuja ta tura kuɗi, kaya su isa ta ce ruwan toka ta gani ga shi an kawo mata shuɗi, kai ne za ka biya kuɗin motar dawo da kaya, sunanka kuma ya ɓaci. Ka ce ya ɗauka a hasken rana, kuma kar a ɗora komai sai ka duba.

Inda na fi so ka tsaya shi ne maganar wa ya mallaki shafin. Da lambar wayarka da imel ɗinka za a buɗe, lambar sirri tana hannunka, saƙon tabbatarwa ya riƙa shigowa wayarka. Wani ɗan'uwana a Sabon Gari an buɗe masa da layin mai aikin, shekara guda ana tara kwastomomi, yaron ya tafi bautar ƙasa layin ya ɓata, shikenan shafi ya tafi, har yau in ya tuna sai ya yi shiru. Tambarin ma ka ce a ba ka asalin fayil ɗin, don ranar da za ka buga leda ko allon shago masu bugawa shi za su nema.

Kuɗi kuwa, neman kafin alƙalami ba laifi ba ne, shi ma yana tsoron ya yi aiki a hana shi. Ni dai da ni ne zan raba uku: 50,000 yanzu, 50,000 in ya kawo tambari da hotuna ka gani, sauran ranar da ya miƙa komai. Ka tambaye shi ƙarara ko data da kuɗin adaidaita suna ciki, kuma kuɗin talla da ake biyan Meta, kamfanin da ya mallaki Instagram da Facebook, daban ne, kar ya zo maka da shi daga baya ka ga kamar cuta ce. Gyara sau biyu ya isa, na uku da kuɗinsa. A sa kwanan wata, banda "bayan sallah".

Mutum ɗaya zai riƙa yi masa magana, ko kai ko ƙaninka, kar uwargida ta ce a sa ja yaran shago su ce kore. Ku tsayar da lokacin da zai riƙa sanar da kai inda aka kwana, ko duk Litinin da Alhamis bayan la'asar. In kun gama zaman, ya rubuta duk abin da aka yi ittifaƙi a WhatsApp, ka karanta ko a karanta maka, ka amsa da "na yarda", ƙaninka ya zama shaida. Kai kuma duk ranar da ya cika nasa, ka tura masa haƙƙinsa a ranar, kar ka ce sai an yi ciniki.