Me ya sa makina a wasan waya ya tsaya cak a 2,147,483,647?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai wani wasa da nake bugawa a waya, makina ya kai 2,147,483,647 ya ƙi gaba, ko na ci ba ya ƙaruwa. Wayar ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau. Mudun da aka ware wa makin ne ya cika.

Kwamfuta da sifiri da ɗaya kaɗai take lissafi. Manhajoji da yawa suna ware wa lamba gurbi 32, abin da ake kira bit. Gurbi ɗaya aikinsa nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa da shi, saura 31 ke nan. Kowane gurbi sifiri ko ɗaya yake ɗauka, kuma darajarsu tana ninkuwa daga gurbi zuwa gurbi: 1, 2, 4, 8, haka dai. Idan kowane gurbi cikin 31 ɗin nan ya ɗauki ɗaya, jimlar ita ce 2,147,483,647. Ka jera 2 guda 31, ka ninka su, ka cire ɗaya, ita za ka samu. Wanda ya rubuta wasanka ma ya kyauta da ya sa birki. A wasu manhajojin, ƙarin ɗaya tak kan sa lambar ta kife ta koma −2,147,483,648.

Ni kuwa lambar nan tana burge ni ko ba kwamfuta. Duk girmanta, ba lambar da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Gwada da 3, ko 7, ko 11, dole a samu saura. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772, da alƙalami da takarda. Irin waɗannan lambobi marasa rabuwa, da ake samu ta ninka 2 a cire ɗaya, ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin Faransa na ƙarni na 17, kuma wannan ita ce ta takwas a jerinsu. Ita kanta 31 ɗin 'yar gidan ce, don 32 ce, wato 2 guda biyar da aka ninka, aka cire wa ɗaya.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne agogo. Na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ƙirgen zai kai wannan lamba ranar 19 ga Janairu 2038. Wadda ba a gyara ba za ta ɗauka an koma Disamba 1901. Shi ya sa ake ƙaura zuwa gurbi 64, inda iyakar ta kai 9,223,372,036,854,775,807. Wannan kam 7 ma tana raba ta.

Game da wasanka, goge shi da sake saukewa ba zai ƙara komai ba, ƙila ma ka yi asarar makin. Masu wasan ne kaɗai za su iya faɗaɗa gurbin, sai ka aika musu saƙo tare da hoton allon.