Masu taimaka wa gidauniyarmu sun janye hannu, in nemi tallafin Turawa?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma ni ne ma'ajin wata ƙaramar gidauniya da muka kafa a unguwarmu don biyan kuɗin makarantar marayu. Azumin bara mun tara kusan naira miliyan 4 daga mutum 120. Bana da ƙyar muka haɗa miliyan ɗaya da rabi. Kuɗin na shiga asusun ƙanena ne, shi ke rabawa. Yanzu wani ya ce in na ba shi dubu 300 zai rubuta mana takardar neman tallafi daga ƙungiyoyin Turawa, mu samu daloli. In ba shi?

Amsa: Alhaji, kada ka ba shi ko sisi. Tun watan Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, har ta kai ga rufe USAID, hukumarta mai raba tallafin, manyan ƙungiyoyi masu ofis da akawu suna sallamar ma'aikata. Ɗan abin da ya rage ba a ba gidauniyar da kuɗinta ke kwana a asusun ƙanen ma'aji. Abin da masu ba da tallafin za su fara tambaya shi ne rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da bayanan banki, da rahoton mai binciken kuɗi, kuma ba ka da ko ɗaya.

Matsalarka tana gida. Mutum 120 sun ba ku amana bara. Cikinsu mutum nawa ka koma wa ka ce, "Alhaji, ga abin da kuɗinka ya yi"? Daga yadda ka rubuto, babu. Kun karɓa, kun yi shiru wata goma sha ɗaya, da aka ga watan azumi kuka sake buga waya. Kai ɗan kasuwa ne. Dillalin da ka ba wa bandir hamsin ya tafi da su Maraɗi, bai kira ba, bai aiko da lissafi ba, sai ga shi bayan shekara yana neman wasu, za ka ba shi? Haka masu ba ku suke kallonku. Tsadar rayuwa ta taɓa aljihun kowa, gaskiya ne, amma mutanen nan ba su daina fitar da zakka ba. Sun kai ta inda ake dawo musu da bayani.

Ba na zargin ƙanenka da cin kuɗi. Amma muddin kuɗin marayu na cakuɗuwa da kuɗin cefanensa, ko shi kansa ba zai iya rantsuwa kan nawa ya shiga nawa ya fita ba, kuma abin da ba a rubuta ba ba a iya kai wa mai bayarwa. Ku yi rajistar amintattu a CAC, ku buɗe asusu da sunan gidauniya, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Bankuna da dama za su nemi takardar SCUML, wato shaidar rajista da sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ku tanade ta.

Sai littafi. Kowane mai bayarwa ya samu layinsa: suna, lambar waya, rana, adadi, wanda ya kawo shi, da kuma irin kuɗin, zakka ce ko sadaka. Wannan na ƙarshen shi ne inda gidauniyoyi da yawa suke faɗawa rami. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma maraici shi kaɗai ba ya cikinsu, sai in marayan talaka ne ko miskini. Mai fitar da ɗaya bisa arba'in na dukiyarsa farilla yake saukewa, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya san ta isa hannun wanda ya cancanta. An yi gidauniyar da ta sayi janareta da kujerun ofis daga kuɗin da aka ba ta a matsayin zakka. Babban mai ba su ya ji labarin a bakin wani, bai yi faɗa da kowa ba, bai kuma sake ɗaga wayarsu ba, abokan kasuwancinsa ma suka bi sahunsa. Kuɗin haya, mai da kati ku ɗauke su daga sadaka, ku faɗa tun farko cewa kashi 10 ko 15 cikin 100 na tafiya can. Inda kuka yi shakka ku tambayi malami kafin ku taɓa.

Idan ka jera sunayen bara za ka ga ba daidai suka bayar ba. Da wuya in mutum 15 ko 20 ba su ne suka kawo fiye da rabin miliyan huɗun nan ba. Waɗannan ba a aika musu saƙon da aka tura wa kowa a WhatsApp. Ƙafa ake takawa, ku biyu, kai da dattijon da suke jin nauyinsa, da takarda shafi ɗaya: yara nawa, wace makaranta, nawa aka biya kowane zango, ga kwafin rasit, ga abin da ya rage. Ku ba da haƙurin shirun da kuka yi. A wannan zuwan kada ku roƙi komai, ko da ya tambaya me ake buƙata, ku ce lissafi kuka kawo. Wanda ya ce a ɓoye sunansa a ɓoye, kada a kira shi a lasifika ranar taro. Hotunan marayu riƙe da ambulan kuma ku daina yaɗa su. Mutuncin yaran ya fi abin da hoton zai jawo, sakamakon jarrabawarsu ya wadatar a nuna wa mai biya shi kaɗai.

Daga nan ku tsayar da ƙa'ida: duk wanda ya bayar, godiya da rasit mai lamba su same shi cikin kwana biyu, bayani kuma ya je masa ƙarshen kowane zangon karatu, sau uku a shekara ke nan. In yaro ya bar makaranta ko wani kuɗi ya salwanta, ku riga kowa faɗa.

Sannan ku rage dogaro da azumi, domin makaranta ba ta jiran Ramadan, a watan Satumba take neman kuɗinta mafi nauyi. Mutum 40 da za su riƙa ba da dubu 10 duk wata, naira dubu 400 ke nan, miliyan 4 da dubu 800 a shekara, ya zarce abin da kuka tara bara. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi jure wa wannan a kan a ce ya kawo dubu 120 lokaci guda. Ku kuma lura da lokacin kowa: ɗan Dawanau da kaka hannunsa ke sakewa, ma'aikaci ƙarshen wata, mai yadi gabanin salla.

Dubu 300 ɗin nan ka sa su a rajista, littafin rasit da ladan akawun da zai zauna da ƙanenka su fitar da bayanan asusunsa na bara, shiga da fita, layi-layi. Da takardar da za ta fito daga wannan zaman za ku fara zagayen mutum ashirin ɗin, tun kafin watan Rajab ya kama.