Kafin ka gasa cif ɗin garafik

Ka ce mai laftof ɗin nan ya dawo da ita karo na biyu. In ya fara buga gem ɗin GTA V, bayan kamar minti 20 sai hoto ya daskare, sikirin ya yi baƙi, wani lokacin ya dawo, wani lokacin ya juye shuɗi da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE, ga sunan nvlddmkm.sys a ƙasa. Ka yi mata fomat, ka zuba sabon direba, wato manhajar da Windows ke magana da cif ɗin garafik ta hanyarta, abin bai canja ba. Shi ne kake tambayata: "Oga, ko cif ɗin garafik ne ya mutu, mu gasa shi?"

Yaro, ajiye bulowar nan da kake son hura wa cif iska mai zafi da ita tukuna.

Tun daga Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, akwai wani mai gadi da Windows ke ajiyewa a kan garafik. In aka ba cif ɗin aiki ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai Windows ta kashe direban ta sake tayar da shi. In ya tashi, abin da za ka gani shi ne sikirin ya ƙifta, gem ya rufe kansa. In ya ƙi tashi, ko abin ya yi ta maimaituwa cikin minti guda, sai shuɗin sikirin. Sunan da kake gani a ƙasa sunan wanda aka kira bai amsa ba ne: nvlddmkm.sys na NVIDIA, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel. Dalilin da ya hana shi amsawa kuwa ba a rubuta maka ba. Mota ce ta tsaya da fasinja tsakanin Kano da Zariya, kowa na zagin direba, alhali ruwa ne ya ƙafe a lagireto. In ka canja direba goma, nan za ta sake tsayawa.

Kai da bakinka ka ba ni rabin amsar ba ka lura ba. Minti 20. Direban da ke da kuskure a cikinsa yawanci yakan faɗi ne da an buɗe gem, ko kuma a wuri ɗaya kullum, duk sa'ad da aka zo wurin. Abin da ke jiran minti 20 kafin ya bayyana, zafi na fara zargi. Saboda haka kafin ka taɓa komai, sa HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin kwamfuta, ka bar shi yana rubuta ma'auni a fayil, ka buga gem ɗin da kanka har ta faɗi, sannan ka duba layukan ƙarshe. Yawancin cif ɗin NVIDIA na laftof suna fara ja da baya a wajen digiri 87, furosesan Intel kuma iyakarsa wajen 100. In ka ga lambobin sun manne a can, to ka samu bakin zaren.

Cire batir daga bod kafin ka sa sukuddireba a ko'ina. Ɗaga fanka ka leƙa tsakaninta da haƙoran da iska ke fita. Kwamfutar da ta ci hunturu biyu a garin nan za ka tarar ƙura ta dunƙule a wurin kamar bargo, fanka na ta ihu amma iska ba ta wucewa. Ga watan Afrilu da zafin gari kansa ke haura digiri 40, ga samarin nan a kan katifa suke ɗora ta, ƙofar iska a toshe. In za ka hura, riƙe fankar da yatsa, kada ta yi ta juyawa. Goge tsohon man da ke kan cif, wanda ya bushe ya zama kamar alli, ka sa mai kyau, kaɗan, ba farin nan mai arha na cikin ƙaton gwangwani ba. Waɗannan 'yan faifan masu laushi da ke kan memorin garafik kuwa ka lallaɓa su. In ɗaya ya yage ka musanya shi da wanda ya fi shi kauri, tagullar da ke kwashe zafi ba za ta zauna daidai a kan cif ba, ka ƙara wa mutum zafin da bai zo da shi ba.

Sai caja. Tambayi mai laftof ɗin ya kawo wadda yake amfani da ita a gida, ba tamu ta shago ba. Laftof ɗin gem cajarta kan kai wat 150, wasu 180, wasu 230, amma sau da yawa in an sayo ta hannu sai a haɗa wa mutum da ta wat 65 ko 90 saboda bakin ya shiga. Don rubutu da kallon fim ba za a gane ba. In gem ya ɗau wuta sai ka ga batir na raguwa alhali caja na jone, in kuma batirin ya tsufa, ta ɗauke ɗif, ko shuɗin sikirin ba za ta tsaya nunawa ba.

In zafi da caja sun wanke kansu, sai mu koma kan direban, mu yi shi yadda ya kamata, domin fomat ɗin da ka yi ba ta tabbatar da komai ba. Da ka jona intanet, Windows Update ta zuba nata direban kafin ka farga, kai kuma ka ɗora naka a kai. Ga yadda nake yi. Na fara sauko da direbobin daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, na daidai samfurinta, in ajiye. In kashe intanet. In shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi ba tare da waɗannan direbobin ba, in share tsofaffin da DDU, manhajar cire direban garafik, tas. Sannan in sa na Intel, in sake kunna ta, in sa na NVIDIA. Dalilin bin wannan tsari shi ne garafik biyu ne a ciki. Tun da NVIDIA ta kawo fasahar Optimus a 2010, a yawancin irin waɗannan laftof babban cif ne ke yin aikin gem, amma ƙaramin na Intel ne ke miƙa hoton ga sikirin. In ɗaya sabo ne fil, ɗayan ya shekara huɗu, ana samun saɓani a wurin miƙawar.

Kuma ka cire wa ranka cewa sabon direba shi ne mafi kyau. Rubuta perfmon /rel a akwatin Run, za ta nuna maka tarihin faɗuwar rana bayan rana da abin da aka sa a kowace rana. In ka ga jajayen alamomin sun fara ne washegarin da direba ya sabunta, koma wa na baya ka zauna a kansa. Ka duba ko mai ita ya sa MSI Afterburner, manhajar canja gudun cif ɗin garafik, don yaran nan suna kallon bidiyo su ƙara wa cif gudu, in sun zo shago ba za su faɗa maka ba. Mayar da shi yadda yake. In an taɓa ƙara mata RAM, bar MemTest86, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana a kanta. Wasu za su ce maka ka shiga rajistar Windows ka ƙara TdrDelay, wato lokacin da mai gadin nan ke jira, daga daƙiƙa 2 zuwa 10. Wannan toshe wa mai gadi baki ne, ni ba na karɓar kuɗin mutum a kansa.

Duk wannan, abu ɗaya za ka riƙa canjawa, ka gwada, ka rubuta a littafi. In ka share ƙura ka canja direba ka canja caja a zama ɗaya ta warke, ba ka san abin da ya warkar da ita ba, gobe in an kawo irinta daga farko za ka faro.

Maganar gashi kuwa, na san inda ka jiyo ta. A 2008 NVIDIA ta amsa cewa wasu cif ɗinta na laftof suna da matsala a kayan haɗinsu, zafi da sanyi na tsattsage su. Irin waɗannan kwamfutoci sun cika kasuwar hannu bayan nan, a lokacin ne masu gyara suka koyi hura wa cif wuta. Takan tashi, mai ita ya tafi yana sa albarka, bayan wata ɗaya ko biyu ya dawo ransa a ɓace. Ni ma na yi, ban ji daɗin yadda ta ƙare ba. Cif ɗin da ke mutuwa da gaske yana da alamunsa: ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka a kan hoto, Code 43 a Device Manager ko da direba mai tsabta, ko faɗuwa tun tana sanyi. Akwai gwaji mai sauƙi: rage gudun cif ɗin da kamar MHz 200 a Afterburner. In ta daina faɗuwa alhali zafi lafiya, caja lafiya, to cif ɗin ya gaji, sai a gaya wa mai ita gaskiya ya zaɓa, ko ya lallaɓa ta a haka ko a nemo bod.

Yanzu kira shi ka ce ya taho da cajarsa, ka kuma tambaye shi a kan me yake ɗora ta in zai buga. Kafin ya iso ka kunna HWiNFO, in ta faɗi ka kawo mini fayil ɗin mu duba tare.