Likita Ya Amsa: Naman Daji da Ƙwayoyin Cutar da Ba Sa Jin Magani

Tambaya: Likita, ni mafarauci ne daga yankin Ningi. Na ji an ce akan samu ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani a hanjin namun daji. Ta yaya hakan zai yiwu, alhali babu wanda ya taɓa yi wa gada ko gafiya allura?

Amsa: Malam, daga wurinmu suke kaiwa gare su. Idan mutum ya sha kafson kashe ƙwayoyin cuta barkatai, ko makiyayi ya riƙa yi wa shanunsa allura ba da shawarar likitan dabbobi ba, ko mai gidan kaji ya riƙa zuba magani a ruwan shansu kullum, ƙwayoyin bakteriyar hanji irin su E. coli masu rauni sukan mutu, masu jurewa kuma su rage su hayayyafa. Daga nan sai su fita cikin bayan gida da kashin dabbobi, ruwan sama ya kwashe su zuwa rafi da tafki inda namun daji suke sha. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, bakteriya tana iya ba wata bakteriyar da ba jinsinsu ɗaya ba wannan juriya, kuma dabbar da ke ɗauke da ita lafiyarta ƙalau, ba za ka ga alama ba. Saboda haka lokacin fiɗa ka kula kada hanji ya fashe a kan nama, ka binne abin da ke ciki, kada ka jefa wa karnuka, kuma kada ka yi aikin da ciwo a hannu.

Tambaya: Maigidana yakan sayo bandar zomo. Dafawa tana kashe waɗannan ƙwayoyin cutar?

Amsa: Tana kashe su, uwargida, domin magani ne ba sa ji, wuta kuwa suna jin ta. Sharaɗin shi ne zafi ya ratsa har tsakiyar naman, kimanin digiri 70 a ma'aunin Celsius. Ita bandar, sau da yawa bayanta ne kawai ya gasu, don haka ki sake dafa ta sosai, ki kuma wanke wuƙa da hannu da sabulu kafin ki taɓa tumatir ko latas.

Tambaya: Na yi zawo bayan cin naman daji, sai na sayi Flagyl a kemis. Na yi daidai?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Flagyl ba ya aiki a kan E. coli, kuma yawancin zawo ruwan gishiri da sukari yake buƙata. Wannan ɗabi'a ta shan magani barkatai ba ƙaramar illa take yi ba: binciken da aka wallafa a mujallar likitanci ta Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma idan aka duba yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina asarar rayuka. Idan ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko zawon ya wuce kwana 3, ka je asibiti a yi gwaji, ka kuma faɗa wa likita irin naman da ka ci da maganin da ka riga ka sha.