Amsa ga ɗalibin da ke son zuwa Turai karatun na'urar SPR, mai gano sinadarai da zaren haske

Assalamu alaikum ƙaninmu. Ka ce ka gama digiri na biyu a fiziks, ka fitar da takarda biyu da manhajar kwaikwayo ta COMSOL a kan zaren haske mai ramuka, kana tambaya ko sun isa a ɗauke ka digiri na uku, kuma wa za ka rubuta wa.

Ba za mu ɓoye maka ba, su kaɗai ba su isa ba. Irin waɗannan takardu sun yi yawa, kuma galibinsu suna zana zinare a cikin ramin da bai fi maikuromita biyu ba, inda shafa shi daidai a zahiri ke da matuƙar wuya. Malami yana neman wanda ya san yadda ake haɗa na'urar da hannu, da dalilin da ke sa ta ba da sakamakon ƙarya.

Haske na tafiya cikin ɓargon zare yana bugun bango yana dawowa, amma a kowane bugu wani ɗan kaso na leƙowa waje. Idan aka cire rigar zaren aka shafa zinare, akwai launi guda da zai sa elektiron ɗin zinaren su kaɗa tare, sai ƙarfinsa ya ragu a hasken da ya fito, wannan shi ake kira SPR. A sifekturomita, mai auna ƙarfin kowane launi, za ka ga kwari a zanen, daidai inda launin ya ragu. Cikin ruwa, wanda ma'aunin lanƙwasa haskensa 1.333 ne, kwarin na faɗawa wajajen nanomita 600 zuwa 650, kuma duk abin da ya manne a kan zinaren zai tura shi gefen ja. Jorgenson da Yee ne suka nuna wannan a kan zare a Jami'ar Washington a 1993.

Ana farawa da zaren gilashi mai rigar roba, ɓargonsa maikuromita 400 ko 600. A feƙe rigar tsawon santimita 1 zuwa 2, a wanke da asiton da etanol. Ka guji zare mai rigar gilashi tun farko, don cire ta sai da asid ɗin HF, wanda ke ratsa fata ya kai ga ƙashi. Daga nan sai injin feshin ƙarfe: kuromiyam ko taitaniyam nanomita 2 zuwa 3, sannan zinare kusan nanomita 50. In babu shimfiɗar farko, zinare na ɓarewa bayan wanki kaɗan. In ta yi kauri, kwarin ya baje. Zinaren ma haka: ya haura 70 kwarin ya kusa ɓacewa, ya gaza 30 ya yi faɗi har ka kasa gane tsakiyarsa. Zare kewayayye ne, injin kuwa daga gefe ɗaya yake feso, don haka dole a riƙa juya shi, ko a yi feshin sau uku ana juyawa digiri 120. Azurfa ta fi ba da siririn kwari, amma tana dusashewa a iska cikin kwanaki.

Awon kansa da fitilar halojin ake yi. A bar ta ta yi zafi minti 30, a ɗauki awon duhu, a ɗauki na iska a matsayin madogara, sannan a gwada ruwan gilisarin ko na sukari mai kauri iri biyar da aka riga aka auna lanƙwasa haskensu da rifiraktomita.

Nan ne aka fi tuntuɓe. Ma'aunin lanƙwasa hasken ruwa na sauka da kusan 0.0001 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. A na'urar da kwarinta ke matsawa nanomita 2000 a kan cikakken ma'auni ɗaya, wannan nanomita 0.2 ke nan, kuma sau da yawa abin da kake nema bai fi haka motsa kwarin ba. Ɗalibi ya ciro samfur daga firji ya zuba, ya ga motsi, ya ce ya gano cuta, alhali sanyi ya auna. Kumfar iska, lanƙwashewar zare da sassautawar mahaɗi duk suna yin irin wannan ɓarna.

Zinare bai san abin da ya hau kansa ba, sai an koya masa. Ana jiƙa shi kwana ɗaya cikin 11-MUA, sinadarin da ke manne wa zinare, a etanol, a farkar da shi da sinadaran EDC da NHS, a ɗaura antibodi, wato furotin da ke kama abin da ake nema, a toshe sauran gurabe da etanolamin. Kuma lallai a ajiye zare na biyu mara antibodi don kwatance. In kana tunanin auna gubar aflatoksin ta gyaɗa da masara, tambaya ce mai kyau, tunda Tarayyar Turai ba ta yarda nau'insa na B1 ya wuce maikurogiram 2 a kilo na gyaɗar ci ba. Sai dai nauyinsa dalton 312 ne kawai, ya yi ƙanƙanta a gan shi kai tsaye, don haka ka karanta awon gasa, inda gubar ke hana antibodi mannewa.

Wuraren da za ka duba: ɗakin binciken Christophe Caucheteur a Mons da na Jeroen Lammertyn a Leuven, duka a Beljiyam, Jiří Homola a Prague, Nunzio Cennamo a Jami'ar Campania ta Italiya, mai aiki da zaren roba mai araha. Guraben shirin Marie Curie na Tarayyar Turai masu albashi suna fitowa a shafin intanet na EURAXESS, kuma ɗan kowace ƙasa na iya nema. In Ingila ce, sai ka sami takardar ATAS, izinin gwamnati na karatun wasu fannonin kimiyya, kafin biza, tana ɗaukar makonni.

Kafin ka aika wasiƙa, ka rubuta lissafin yadda haske ke ratsa shimfiɗa-shimfiɗar na'urar da kanka a manhajar Python, da alƙaluman zinare na Johnson da Christy na 1972. Ka ɗauki takarda ɗaya ta malamin, ka sake fitar da kwarinsa, ka haɗa hoton da shafi ɗaya da ke nuna inda naka ya saɓa da awonsa da abin da kake ganin ya jawo.