'Yata ta samu uwar ɗaki a makarantar kwana, in sa a raba su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata mai shekara 11 ta shiga JSS1 a makarantar kwana ta 'yan mata. Da na je ziyara ta ce wata 'yar SS2 ta ɗauke ta 'yar ɗaki, tana yi mata kitso, ita kuma tana ɗebo mata ruwa. Na kuma tarar madararta da sukarinta suna akwatin 'yar SS2 ɗin. Hankalina bai kwanta ba. In kai ƙara wurin shugabar makaranta? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana ita. Ki dakata da zuwa ofishin shugaba tukuna.

Da wuya ki sami makarantar kwana ta 'yan mata da babu wannan al'ada, ko ta jiha ce ko ta tarayya irin FGGC Bakori da ke kusa da ku, ko ta Kazaure, ko ta Minjibir. Ba a rubuce take a dokar makaranta ba, buƙata ce ta haife ta. Ki dubi yinin ƙaramar yarinya: ƙararrawar asuba, layin famfo, shara, aji, ɗakin cin abinci inda mai sanyin jiki kan tashi da kwano wayam, karatun dare, sai duba tsafta ranar Asabar. Malamar gida ɗaya da metiron ɗaya ba za su iya sanin wadda ta kwana da zazzaɓi a cikin yara masu ɗimbin yawa ba, balle wadda ta yi fitsarin kwance take ɓoye zanin gado don kunya. Uwar ɗaki ce ke gani. Ita ke koya mata ɗaure gidan sauro, ta tsefe mata kai ta duba kwarkwata, ta tsaya mata in wata siniya ta sa ta gaba. Yara da yawa ma a hannunta suke fara sanin yadda ake tsaftace jiki ranar da al'ada ta zo musu. A makarantun tarayya, inda ake ɗaukar ɗalibai daga kowace jiha, sai ki ga Bakatsiniya uwar ɗakinta Bayarabiya ce, kuma zumuncin ya kai har gidan aure.

Don haka bokitin ruwa bai dame ni ba. Ko a gida ƙanwa na yi wa yayarta aike.

Batun madara ne ke son bincike, don fuska biyu gare shi. Akwatin juniya ba shi da alfarma: a fasa kwaɗon, ko manya su yi ta roƙon da ba a isa a ƙi ba, har garin kwaki da ƙuli-ƙulin da aka tanada don ranar da tuwon makaranta ya ƙi ciwuwa su ƙare kafin rabin zango. Uwar ɗakin kirki takan adana kayan ta riƙa ba yarinya kaɗan-kaɗan. Akwai kuma wadda kayan ne suka kawo ta, ba ta ɗaukar 'yar ɗaki sai ta ga irin motar da ta sauke ta. Kada ki tambayi 'yarki ko ana cutar ta, a'a za ta ce. Ki tambaye ta yaushe rabonta da shan shayi da madara, wa ke riƙe da makulli, wa ke wanke kayan wa. Ki dubi wuyanta ki ga ko ta rame.

Abubuwan da ba na yi wa uzuri su ne wanki ko aiken da ke hana ta aji, sallah ko barci, karɓar kuɗinta, duka, hana ta ƙawance da sa'o'inta, kiran ta kwana gado ɗaya, da duk wata magana da aka ce kada ta gaya wa mama. In kin ji ɗaya daga ciki, ranar nan ki sami shugaba, ki rubuta ƙorafinki, ki nemi a sauya mata ɗaki.

In babu ko ɗaya, malamar gidansu za ki nema, ku yi magana cikin sirri ta gaya miki halin uwar ɗakin. Ƙarar da aka kai sama ba hujja kan jawo wa ƙaramar sunan mai kai tsegumi, kuma 'yan SS2 ne ke karɓar muƙaman shugabannin ɗalibai idan 'yan SS3 suka shiga hidimar WAEC da NECO, wato baɗi ma tana ƙarƙashinsu. Ziyara mai zuwa ki ce a kira miki uwar ɗakin ku gaisa, ki tambayi garinsu da iyayenta, ki ba ta ɗan dambun nama nata daban. Makullin akwati kuma ki yi biyu, ɗaya a wuyan 'yarki, ɗaya wurin malamar gida.